Hawan jini: me ya riƙe ku kuka ɗore?

Daga Jekadafari, Gombe:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ba wanda bai san a rage gishiri, a motsa jiki, a sha magani ba. Babanmu ma ya sani. Da aka auna shi jinin ya haura 140/90 ya kiyaye sosai, ciwon kai na tafiya sai ya ajiye ƙwayoyin. Waɗanda suka ɗore, don Allah me ya riƙe ku?

Daga Pantami:
Wa alaikumus salam. Ni tsoro ya fara tayar da ni. Maƙwabcina ya samu shanyewar ɓarin jiki, na ga yaransa na yi masa alwala. Amma tsoro ba ya jimawa, kana jin sauƙi yake gushewa. Abokan tafiya su suka riƙe ni. Bayan sallar asuba mukan zaga wajen filin wasa na Pantami, ranar da ban fito ba sai a ƙwanƙwasa min ƙofa, kunyarsu kuwa ta fi ƙarfin barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. Da na ji haka na ce ai wannan zan iya.

Daga Bolari:
Ɗan uwa, ku duba tukunya. Abin da ake so a yini bai wuce giram 5 na gishiri ba, kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙule. Maigida ya ƙi yarda a ware masa kwano, ya ce an mai da shi majinyaci a gidansa. Kuma yana da gaskiya, magidanci ba ya son a riƙa tausaya masa a gaban 'ya'yansa. Sai na rage wa gidan gaba ɗaya a hankali, na ƙara daddawa da tafarnuwa da citta. Yanzu miyar biki ce yake cewa ta yi gishiri.

Daga Tudun Wada:
Kawunmu kullum cewa yake rai da lafiya na Allah ne. Mu yara ba mu isa ba. Limamin unguwa ya tuna masa hadisin ɗaure raƙumi sannan a dogara ga Allah. Ku nemo wanda Baba ke jin nauyinsa.

Daga Herwagana:
Ni ma'aikaciyar jinya ce. Ku fahimtar da Baba cewa hawan jini yawanci ba ya nuna alama, tafiyar ciwon kai ba warkewa ba ce. Kada ku yi masa faɗa. Ku ajiye maganin kusa da kofin shayinsa na safe, kuma ku bari ya riƙa ganin lambar awon da idonsa. Allah Ya ba shi lafiya.