Inshorar Mustang GT ko ta Civic Si: ina lissafin yake?

Jama'a, don Allah a haska mini. Motoci biyu ne daga Amurka: Honda Civic Si ta 2017 mai injin lita 1.5, da Ford Mustang GT ta 2015 mai V8 lita 5.0. Inshorar dole, wato mai biyan ɓarnar da ka yi wa wani, ba matsala, N15,000 ce kowacce tun Janairun 2023.

Inda na cije shi ne cikakkiyar inshora, wato wadda ta haɗa har da gyaran motarka. NAICOM, hukumar kula da inshora ta Najeriya, ta ce kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar mota. To wace daraja, kuɗin saye kaɗai ko har da na kwastan? Sannan fitilar gaba da bambar Mustang sai an yi oda da dala. In canji ya tashi kafin kayan su iso, kamfanin inshora zai cike giɓin ko mai mota?