Malaman da suka gwada kayan karatun kyauta na intanet, ya kuka gani?

Malamin lissafi: Assalamu alaikum. A wannan zangon na haɗa 'yan aji biyu da laccocin aljabara na Gilbert Strang da ke MIT OpenCourseWare, shafin da jami'ar MIT ta Amurka ta buɗe wa kowa tun 2002. Cikin dare nake saukewa saboda data, da safe in tura wa shugaban aji ya raba a waya. Yanzu aji ya zama wurin warware tambayoyi, na huta da cika allo suna kwafa. Lafazin Amurka ne dai ya yi wa wasu nauyi. Ku fa?

Malamar tattalin arziki: Wa alaikumus salam, Malam. Ni littafin OpenStax na ɗauka, na Jami'ar Rice. Bayaninsa tsaf, amma misalan duk na can ne, dala da kamfanonin da yarana ba su taɓa ji ba. Makon farko na ga idanu sun yi zuru. Sai na zauna na sake babin buƙata da wadatar kaya da farashin gero a kasuwar Dawanau: yadda yake faɗuwa da kaka, ya tashi idan damina ta yi nisa rumbuna sun ƙare. Ranar har wadda ba ta taɓa ɗaga hannu ba ta yi magana, don mahaifinta ɗan hatsi ne. Mako uku aikin ya ci mini, kuma ban yi da-na-sani ba. Lasisin littafin ya yarda a gyara, muddin an faɗi asalinsa.

Malamin fiziks, kwalejin ilimi: Ɗakin gwajinmu ba kaya. PhET na Jami'ar Colorado, wato gwaje-gwajen kimiyya da ake kwaikwaya a kwamfuta, ya rufa mini asiri, yana aiki ko ba intanet. Amma ɗalibin da ya haɗa batir da ƙwan fitila a kwamfuta, na ba shi na gaske hannunsa na rawa. Dole a haɗa biyun.

Dattijo a sashen ilimi: 'Ya'yana, ku kula da amana. Na ga wanda ya buga kayan MIT ya sa sunansa yana sayar wa ɗalibai, alhali sharaɗinsu ya hana kasuwanci da su. Abin ya ƙona mini rai. Kuma kada ku manta da na gida, littattafan darussan NOUN, jami'ar karatu daga gida ta Nijeriya, suna nan a shafinsu kyauta.

Malamin lissafi: Allah Ya ƙara girma, Baba. Malama, don Allah a taimaka mini da babin Dawanau ɗin, zan ciro lissafi daga ciki.