Jita matsakaiciya: me zan fara canzawa don muryarta ta buɗe?

Ɗan Auta: Assalamu alaikum manyan zaure. Shawara nake nema. Jitar lantarki ce da ni mai siffar Strat, amma ba ta Fender ba ce, irin matsakaiciyar nan da ta fi ta masu koyo amma ba ta kai ta manya ba. Fikof uku gare ta, wato na'urorin da ke ɗaukar sautin tsirkiya: hambaka, mai naɗin waya biyu, a wajen jaki (ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a jikin jitar), sai masu naɗi ɗaya a tsakiya da wajen wuya. Wuyanta ya zauna min a hannu, shi ya sa ba na son rabuwa da ita. Abin da ke damuna shi ne muryar hambakar a toshe take kamar an lulluɓe lasifika da bargo. In na rage ƙara kaɗan kuma sai kaifin ya ɓace gaba ɗaya. Ga tsirkiyar G ba ta zama a saiti, balle in na taɓa sandar girgiza, wadda ake dannawa a jaki don sauti ya yi rawa. Niyyata in sayi hambakar Seymour Duncan JB da kunnuwan ɗaure tsirkiya masu kulle. Na kama hanya?

Mai Gyara: Wa alaikumus salam ƙanina. Mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Yaushe rabonka da canza tsirkiya?

Ɗan Auta: Gaskiya Oga an kwana biyu. Sai in wata ta tsinke nake sa sabuwa.

Mai Gyara: To ka ji. Tsohuwar tsirkiya gumi da dattin hannu sun cika tsakanin naɗinta, ba ta da sauran kaifi, kuma ba ta riƙe saiti. Ka sa sabon jeri gaba ɗaya, 9-42 ko 10-46 (lambobin kaurin tsirkiya ke nan), duk wanda ka saba da shi, na D'Addario ko Ernie Ball, duk suna yi. Ka jajja su da hannu har su daina sauka. Bayan nan ka ɗauki sukundireba ka duba tsayin fikof ɗin. Danne tsirkiya a firet na ƙarshe (firet su ne siraran ƙarafan da ke gicciye a kan wuya), ka auna daga ƙasan tsirkiyar zuwa kan fikof: wajen milimita 2 zuwa 2.5 a ɓangaren masu kauri, ƙasa da haka kaɗan a ɓangaren sirara. Daga nan kunnenka ne alƙali. Hambakar da ta matso kusa da tsirkiya da yawa ƙarfi take ƙarawa, amma muryar cunkushewa take yi. Sauke ta rabin juyi, ka kaɗa, ka saurara, ka sake. Masu naɗi ɗaya kuwa in suka hau sama, mayen ƙarfensu yana jan tsirkiyar har ka ji sautin yana rawa a can saman wuya. Jitoci da dama ana kawo min don a sa musu sabon fikof, su tafi da tsohonsu, mai ita yana murna.

Sarkin Gardama: Oga kullum kai sai ka hana mutum sayen abin da ransa ke so. Fikof shi ne ke jin tsirkiya ya mayar da motsinta lantarki, in shi bai da kyau babu sukundirebar da za ta gyara shi. Ni na sa JB a tawa, ko wanda bai san jita ba ya ji bambanci.

Mai Gyara: Ban ce fikof ba ya canza murya ba, a cikin kayan jikin jita ma babu wanda ya kai shi. Cewa na yi a bi da sannu. Kuma kai irin kiɗanka na ƙarfi ne, shi kukansa toshewa ce.

Injiniya: Nan ne gizo ke saƙar. Ɗan Auta, JB naɗinta yana da yawa, in ka auna ta da mita za ka ga wajen 16k, wato awon juriyar wayar naɗin. Irin tsohuwar hambakar da Seth Lover ya ƙera wa Gibson, wadda aka fara sa wa jitar Les Paul a 1957, tsakanin 7k ne da 9k. Yawan naɗi yana kawo ƙarfi da kaurin tsakiya, amma yakan rage na sama. Wanda ke neman murya ta buɗe, ya fi dacewa ya dubi mai sauƙin naɗi kamar '59 ta Seymour Duncan ɗin, wadda ba ta wuce 8k da ɗoriya ba, kuma za ta fi jituwa da masu naɗi ɗayan nan naka, ba za ka ji ƙara ta yi tsalle ba in ka murɗa makunnin zaɓen fikof daga tsakiya zuwa jaki.

Amma kafin a je can, buɗe murfin gaban ka duba bayan fot ɗin ƙara, wato abin da ke ƙarƙashin maɓallin da kake murɗawa. Akwai lamba a jiki. In ka ga 250k, ina kyautata zaton mun kama ɓarawon. Al'adar ita ce 250k ga masu naɗi ɗaya, 500k ga hambaka, domin ƙaramin fot yana zubar da wani ɓangare na kaifi zuwa at (layin ƙasa na lantarki) ko da ƙarar tana kan 10. Jita irin taka mai gauraye dole masu ƙira su zaɓi ɗaya, kuma duk wanda suka zaɓa wani fikof ɗin zai cutu. Ko an rubuta 500k ma kada ka yarda da rubutu, ka cire waya ka auna ƙafafun gefe biyu, don masu araha sukan kauce da kusan kashi 20 cikin 100.

Ɗan Auta: Yallabai in na sa 500k, su masu naɗi ɗayan ba za su yi tsini da yawa ba?

Injiniya: Za su iya. Maganinsa resista 470k, ɗan kayan lantarki mai rage gudun wuta, da za a haɗa a makunni ta yadda sai an zaɓi masu naɗi ɗaya take shiga layi. A lokacin su 250k ko kusa da haka suke gani, hambaka kuma tana ganin 500k ɗinta cikakke. Batun ɓacewar kaifi in ka rage ƙara kuwa, ƙaramin kafasita (ɗan kayan lantarkin da ke barin kaifi ya wuce) mai lamba 0.001 tare da resista 150k a tsakanin ƙafar shiga da ƙafar tsakiya ta fot ɗin, shi ke nan. Wasu ba sa son yadda yake sirantar da murya a ƙasa-ƙasa, to ka fara maƙala shi da 'yan ƙugiyoyi ka ji kafin ka sa dalma.

Yaya Babba: Ni abin da zan ƙara, ka auna rami kafin ka yi odar komai. Fot ɗin kamfanin CTS wuyansa inci 3/8 ne, wato kusan milimita 9.5, alhali yawancin jitocin da ake ƙerawa a Asiya raminsu na awon milimita ne, ya fi ƙanƙanta. Sai an faɗaɗa, kuma sau da yawa tsohon hular murɗawar ma ba ta shiga sabon. A kan murfin roba abu ne mai sauƙi. A kan katako mai fenti, kamar masu siffar Les Paul, hannu ya ɗan goce fenti ya ɓare. Kamfanin Alpha na da masu kyau a awon milimita, ba dole sai CTS ba.

Sarkin Gardama: Tunda za ka buɗe cikin, sa kafasitan Orange Drop a fot ɗin murya. Ɗumin da yake bayarwa daban ne.

Injiniya: Malam Gardama, a nan kam ban bi ka ba. Lambar kafasita ce ke aiki: 0.047 ya fi 0.022 duhu in ka murɗa ƙasa. Amma biyu masu lamba ɗaya, ɗaya ruwan lemo ɗaya kore, in aka rufe maka ido ban ga yadda za ka raba su ba. In fot ɗin na kan 10 kuwa tasirinsa kaɗan ne ƙwarai.

Sarkin Gardama: Mita ba ta da kunne dai.

Injiniya: Kunne kuma yana jin abin da aljihu ya biya.

Baba Tsoho: Yara ku bar wannan, ba za ku gama ba. Ɗana, zancen tsirkiyar G nake so in taɓa, tunda na ga kana shirin kashe kuɗi a kan kunnuwa. Ka murɗa kunnen a hankali ka kasa kunne wajen kan jitar. In ka ji wani ɗan "ƙis" sannan sautin ya yi tsalle, to ba kunnen ba ne, tsirkiyar ce ke maƙalewa a tsagin nat, ɗan farin abin nan da tsirkiyoyi ke bi ta kansa a ƙarshen wuya. Ka goga bakin fensir a cikin tsagin, baƙin nan nasa yana sa santsi. In ya ragu, ka gano wurin ciwon. Gyaran dindindin shi ne a kai wa mai magagarin aikin ya buɗe tsagin daidai kaurin tsirkiyarka, ko a cire na robar a sa na ƙashi ko TUSQ na Graph Tech. Sai dai kada a ruɗe ka: nat yana shafar murya ne kawai in ka kaɗa tsirkiya a sake. Da zarar ka danne firet, firet ɗin ne ya karɓi aikin. Amfaninsa na gaskiya riƙe saiti ne. Ka duba ɗan ƙarfen da ke danne tsirkiyoyi biyu na ƙasa a kan jitar ma, shi ma yana riƙewa.

Ɗan Auta: Baba wallahi ina jin wannan ƙis ɗin. Ke nan kunnuwa masu kulle ba su da amfani?

Baba Tsoho: Suna da shi. Canjin tsirkiya ya zama na minti kaɗan, kuma da yake babu naɗi mai yawa a kan sandar, babu abin da zai saki in ka yi girgiza. Gotoh, Schaller, Hipshot, Sperzel, duk na kirki ne. Amma murya ba za su ƙara maka ba, kuma in nat na maƙale tsirkiya ko na zinariya ka sa G ɗin nan sai ta sauka.

Yaya Babba: Su ma a auna. Ramin zamani milimita 10 ne, na tsohon yayi ya fi ƙanƙanta, kuma wurin ɗan sukurun baya kowane kamfani da inda yake sa nasa.

Sarkin Gardama: Ba wanda ya yi maganar jaki. Ka juya bayan jitar ka cire murfi, za ka ga dunƙulen ƙarfen da sifirin ke riƙe. A masu araha siriri ne, na tutiya. Sa mai kauri na baƙin ƙarfe ko tagulla ka ji yadda sauti ke daɗewa kafin ya mutu.

Mai Gyara: Wannan na yarda da rabinsa. In ka kaɗa ba tare da amfilifaya ba kana jin canji a jikinka, girgizar ma takan fi nutsuwa a hannu. Ta lasifika kuwa, musamman in ka sa murya mai datti, abin da ya rage kaɗan ne. Kuma nan ne mutane suka fi yin asara, domin tazarar tsirkiyoyi a jakin tsohon yayin Amurka wajen milimita 56 ce daga ta farko zuwa ta shida, ta yawancin sauran kuwa wajen 52 da rabi. Ramukan sukurori ma ba sa haɗuwa. Ka sa mai faɗi a kan siririn wuya, tsirkiyar gefe ta riƙa zamewa daga kan firet. Ni a jerina jaki shi ne na ƙarshe, sai in sirdunansa, inda tsirkiyoyi ke zama, sun cinye suna tsinka tsirkiya.

Injiniya: Tazarar nan ta shafi fikof ma. In daga baya ka yanke shawarar sayen hambaka, nemi mai faɗin da ya dace da jaki mai girgiza. Seymour Duncan suna sa musu TB a gaban lamba maimakon SH, DiMarzio kuma suna rubuta F-spaced. Sannan launin wayoyi ba ɗaya ba ne tsakanin kamfanoni. In ka haɗa ka ji matsayi na 2 na makunni, inda hambaka da na tsakiya ke aiki tare, ya zama siriri kamar ta hanci, to sabon da tsohon suna ja da juna ne, sai a musanya wayar wuta da ta at a ɗayansu.

Ƙanwar Zaure: Ku yi haƙuri in tsoma baki, ni ma ina koyo. Tawa gurnani take yi in na saki tsirkiya, da na taɓa sai ya ragu. Fikof ne?

Injiniya: A'a ƙanwata, hayaniyar lantarkin ɗaki ce cikin jitar ke kwasa. Ki liƙe ramukan ciki da bayan murfi da tef ɗin jan ƙarfe, ki tabbata duka sun haɗu da at. Zai rage zizar sosai. Amma ƙugin nan mai kauri na wutar gida, 50 ko 60 a daƙiƙa gwargwadon ƙasar da mutum yake, halin mai naɗi ɗaya ne, tef ba ya kashe shi. Shi ne dalilin da aka ƙirƙiro hambaka tun farko. Ki gwada matsayi na 2 da na 4, a jitoci da yawa an juya na tsakiyan don ya kashe ƙugin a can.

Baba Tsoho: Wani abu kuma ɗana, da wace waya kake haɗawa, kuma a wace amfilifaya? Doguwar waya tana shan kaifi, in ta wuce mita 6 kowa zai ji. Ƙaramar amfilifaya mai lasifika inci 6 ko 8 kuwa duk abin da ka zuba mata muryarta za ta ba ka. Ka ari babba wajen aboki, mai inci 12, ka gwada jitar yadda take. Mai yiwuwa ita ba ta da laifin komai.

Yaya Babba: Kuma abu ɗaya-ɗaya za ka riƙa canzawa. Ka naɗi kiɗa ɗaya a wayar salula kafin da bayan kowane canji, wurin zama ɗaya, maɓallan amfilifaya ba a taɓa ba. Tsofaffin kayan ka adana su a leda, don ranar sayarwa ba mai biyan ka kuɗin abin da ka ƙara. Gara ka mayar da na asali ka riƙe naka.

Ɗan Auta: Na dawo da rahoto. Na sa sabuwar 10-46, na sauke hambakar, na goga fensir. G ta zauna sai ɗan abin da ba a rasa ba. Na buɗe ciki, 250k ne kamar yadda Yallabai ya faɗa. Muryar ta fi da, amma da saura. Sai dai yanzu jakin ya ɗago daga baya, tsirkiyoyin kuma sun yi sama.

Mai Gyara: Da 9-42 ce a kai ke nan. Masu kauri sun fi ja, sun rinjayi sifirin. Ƙara ɗaure sukurori biyun nan na cikin ramin baya, kwata-kwatan juyi kowanne, kana sake saiti bayan kowane juyi har jakin ya koma inda yake. Sannan ka duba lanƙwasar wuya: danne firet na 1 da na ƙarshe, ratar da ke tsakiya kada ta wuce kusan milimita 0.25. In ta wuce sai an ɗan ɗaure sandar cikin wuyan, shi ma kwata kawai, ka bar shi ya kwana.

Sarkin Gardama: In an gama duk wannan dai JB ɗin za ka saya, ina nan.

Injiniya: Sa 500k ɗin tukuna, mai harafin A, ba B ba, don ƙarar ta riƙa sauka daidai da kunne. Ka ɗauki hoton wayoyin kafin ka cire ko ɗaya, ka turo mana nan in nuna maka ƙafar da resistar za ta hau.