Wane jirgi ne ya fi sauƙin kuɗi daga Garwa zuwa Amurka?

Ɗan Garwa:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar tikiti. Hajiyarmu ce za ta Amurka wajen ƙanwata da ke aure a jihar Merilan. Ana sa ran haihuwa a watan Fabrairu, ana so ta je ta zauna mata jego kamar wata biyu. Biza ta fito, fasfo ɗinta na Kamaru ne. Ta haura shekara 60, ba ta jin Turanci, Faransancin ma kaɗan-kaɗan, sai Hausa da Fulatanci. Na duba a waya na ga farashi iri-iri, akwai wanda ya fi sauran arha da kusan sefa 150,000, amma yana tsayawa wuri biyu a Turai. Wane kamfani kuke gani ya fi sauƙi? Kuma daga ina ya kamata ta tashi, Duwala, Yawunde, ko mu haura Njamena?

Malam Mai Tikiti, Marwa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya sauke ta lafiya, ya kai Hajiya lafiya.

Babu jirgin da ke tashi daga Kamaru ko Chadi ya dira Amurka kai tsaye, dole sai an yada zango. Saboda haka zaɓen kamfani zaɓen hanya ne: Air France ta Faris, Brussels Airlines ta Burusel, Royal Air Maroc ta Kasablanka, Turkish Airlines ta Istanbul, Ethiopian ta Adis Ababa, ko kuma ASKY ta kai ta Lome ta hau Ethiopian daga can. Tunda Merilan za ta, filin da za ka nema shi ne Dulles na Washinton, alamarsa IAD. Waɗannan kamfanonin, su da kansu ko abokan haɗin gwiwarsu, suna sauka can. Kada arhar Niyok ta ruɗe ka, domin daga can zuwa yankin Washinton awa huɗu zuwa biyar ne a mota, abin da ka rage zai tafi a mai da kuɗin hanya.

Wannan mai arhar da ka ce yana tsayawa wuri biyu a Turai, ka bar shi. Ga dalili. Mai fasfo ɗin Kamaru ko Chadi yana buƙatar bizar wucewa ko da zama kawai zai yi a cikin filin jirgin Faransa, sai dai an ɗauke wa wanda ke riƙe da bizar Amurka ko Kanada mai aiki. Hajiya ta tsira ta wannan fuskar, amma sassaucin yana aiki ne idan fili ɗaya za ta taɓa a yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ke amfani da biza ɗaya. Da zarar tikitin ya ce Faris sannan Amsadam, ko Burusel sannan Farankfot, jirgin da ke tsakani na cikin gida ne, sai an buga mata hatimin shiga Turai kafin ta hau shi, wato sai da bizar Shengen. Tun a Duwala ma'aikatan kamfanin za su hana ta hawa, kuɗi kuma ba ya dawowa. Haka nan wanda ya bi ta Montiriyal ko Toronto: Kanada tana neman bizar wucewa ko da awa biyu za a yi. Masu zuwa Kanada su ma su kiyaye, duk tikitin da ya ratsa ta Amurka sai da bizar Amurka.

Sai tsawon tafiya. Ta Faris, kusan awa shida da rabi ne zangon farko, na biyu takwas da ɗoriya. Ta Kasablanka ma jimillar ba ta da nisa da haka. Ta Istanbul ya fi tsawo, kusan awa bakwai sannan sha ɗaya. Ta Adis Ababa kuwa sai an fara yin gabas awa huɗu da wani abu, sannan a juyo yamma a yi sama da awa goma sha biyar, har da tsayawa shan mai a hanya, don Adis tana kan tudu mai tsayin fiye da mita 2,300, iskar wurin ba ta da kauri, jirgi ba ya iya tashi da cikakken tanki da cikakken lodi. Ga matashi ba komai ba ne. Ga dattijuwa mai ciwon gwiwa, ni ba zan sa shi a farko ba, sai idan ta Lome aka samu.

Game da farashi, babu kamfanin da ya riƙe kambun arha kullum. Galibi na Afirka da Turkish sukan zo ƙasa da na Turai, amma mako guda kan juya lissafin. Ka buɗe shafin kwatanta farashi na Google Flights ko Skyscanner, ka sa DLA, wato Duwala, zuwa IAD, ka zaɓi tsayawa sau ɗaya kawai, ka buɗe kalandar farashi ka ga ranakun da ke kusa. Ka sake gwadawa da NSI, filin Nsimalen na Yawunde. Ka yi sa'a da lokaci: Fabrairu da Maris suna cikin watannin sauƙi, kamar Oktoba da Nuwamba. Tsadar tana Yuni zuwa Agusta, da tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu. Idan ka gano wanda ya yi maka, ka koma shafin kamfanin kansa ko ofishinsa ka saya, kuma tikitin zuwa da dawowa, don mai bizar ziyara da tikitin zuwa kaɗai yana jawo wa kansa tambayoyi tun daga wajen awon kaya.

Uwargida, Kusiri:

Ƙanena, Malam ya gama da hanya, bari in taɓa kaya, don nan ne arha take zama tsada.

Kafin ka kwatanta farashi biyu, ka duba akwati nawa kowanne ya ba da. A wannan hanyar abin da aka saba shi ne akwati biyu, kowanne kilo 23, tsawo da faɗi da tsayi in an haɗa kada su wuce santimita 158. Amma yanzu akwai tikiti mai rahusa da ke ba da akwati ɗaya, wani ma babu ko ɗaya sai jakar hannu, kuma shi ne yake fara bayyana a saman jerin. A ce ka ga na 800,000 da na 870,000. Idan na farkon akwati ɗaya ne, kuɗin na biyun zuwa da dawowa zai iya cinye bambancin har ya ɗora. Kuma mun san Hajiya ba za ta je jego da akwati ɗaya ba. Jakar hannu kilo 7 zuwa 12 ce gwargwadon kamfani. Ku auna komai a gida. Kilo 23 ɗin na kowane akwati ne, ba a haɗa su a ce 46: idan ɗaya ya yi 27 ɗaya 19, za a caje ku kan na 27 ɗin, ko ku tsuguna a gaban jama'a kuna kwashe atamfa daga wannan zuwa wancan. Wanda ya wuce kilo 32 ba a karɓarsa ma sam.

Abin da za a zuba a ciki: kilishi, dambun nama, soyayyen nama, duk kada a sa. Amurka ba ta yarda a shigo da nama daga ƙasashenmu ba, karnukan duwan ɗinsu, wato na kwastan, kuma hancinsu ba ya kuskure. Ɗanyen 'ya'yan itace da iri na shuka su ma a bar su. Kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, daddawa, busasshen kifi, a ɗaure su da kyau a leda mai haske, a kuma ce ana ɗauke da abinci idan an tambaya. Wanda ya faɗa, iyakaci a karɓe abin da bai halatta ba. Wanda ya ɓoye aka gano, tara ce. Kuɗin hannu idan ya haura dala 10,000 shi ma sai an bayyana.

Abu mafi amfani gare ta kuma kyauta ne: ka nemi a rubuta mata keken guragu a cikin tikitin, aƙalla awa 48 kafin tashi. Ko tana iya tafiya, ka nema. Ma'aikaci zai ɗauke ta daga ƙofar jirgi ya kai ta ƙofar na gaba, a Dulles ma ya raka ta har wajen jami'an shige da fice. Wannan ya warware rabin matsalar rashin yare. Ka rubuta mata takarda da Turanci da Faransanci mai ɗauke da adireshin ƙanwarka da lambar wayarta, ta sa a cikin fasfo tare da katin rigakafin shawara, don za a nemi katin a dawowa. Magungunanta su kasance a jakar hannu. Abinci kuwa, na Turkish da Royal Air Maroc halal ne, sauran ka nemi abincin Musulmi tun wajen saye, alamarsa MOML.

Zancen Njamena, mu mutanen Kusiri gada kawai muke tsallakawa ta Ngeli, shi ya sa filinta na Hassan Djamous ya fi mana Duwala sauƙi sosai, kuma Ethiopian da Turkish da Air France suna zuwa. Daga Garwa lissafin daban ne. Sai an yi Marwa, Mora, Waza, Dabanga, hanyar da kowa ya san halinta, ga shingayen bincike. Ba zan ɗora tsohuwa a kanta ana gobe za ta yi awa ashirin a sama ba, sai fa in bambancin kuɗin ya yi yawa ƙwarai.

Ɗan Garwa:

Na gode Malam, na gode Yaya, Allah ya saka da alheri. Na cire mai tsayawa biyun. Saura biyu yanzu, na Kasablanka mai jiran awa uku da wani abu, da na Faris mai jiran awa ɗaya da minti ashirin. Sannan wani mai ajans ya ce zai samo mini ƙasa da duka biyun, har ya turo takarda da sunan Hajiya a kai, wai in tura rabin kuɗi. Yaya kuke gani?

Alhaji na Tasha, Ngaundere:

Kada ka tura ko dala tukuna. Takarda mai suna da lambar haruffa shida ba tikiti ba ce, kama kujera ce kawai, kuma tana faɗuwa da kanta in ba a biya ba cikin wa'adin da kamfani ya sa. Tikiti na gaske yana da lamba 13, ukun farko na kamfani ne: 057 Air France, 071 Ethiopian, 082 Brussels, 147 Royal Air Maroc, 235 Turkish. Ka ɗauki haruffa shidan da sunan Hajiya ka shiga shafin kamfanin, ka ga ko lambar 13 ta bayyana da adadin akwatuna. Mai ajans na ƙwarai yakan samu farashi mai kyau, ba a musu, kuma yana da amfani ga wanda katin bankinsa ba ya wuce wani adadi a intanet. Amma ka je ofishinsa, kuɗi a hannu, tikiti a hannu, da rasit.

Ka tambaye shi kuma ko tafiyar duka a lamba ɗaya take. Wata arhar daga raba tikiti take fitowa: ɗaya Duwala zuwa Turai, ɗaya Turai zuwa Amurka. In tikiti ɗaya ne jirgin farko ya makara, kamfani ne zai sa ta a na gaba ba tare da ƙarin kuɗi ba, kaya kuma su wuce da kansu har Dulles. In biyu ne, na biyun ya ƙone, kuma sai ta fita ta ɗauki akwatunanta ta sake ba da su, abin da ba zai yiwu ba babu bizar ƙasar.

Ka duba rubutun suna harafi da harafi da abin da ke fasfo. Mu nan Oumarou ake rubutawa, ƙanwarka a can ta saba da Umaru, Aïssatou ta koma Aisha. Gyara bayan an fitar da tikiti kuɗi ne, wani lokaci ma sai an sayi sabo.

Cikin biyun da ka ambata, ni na Kasablanka zan ɗauka. Awa ɗaya da minti ashirin a filin Charles de Gaulle, da canjin gini da sake binciken jaka, ya yi kaɗan ga dattijuwa, ko mutum ya kai akwati kan iya kwana a baya. Awa biyu da rabi zuwa huɗu shi ne daidai. Na ɗan saɓa da Malam kan Adis: in ta fi arha sosai ba abin gudu ba ce, keken da Uwargida ta Kusiri ta faɗa yana rage wahalar, a zaɓa mata kujerar gefen hanya don ta riƙa miƙe ƙafa.

Abin da ba a taɓa ba shi ne Garwa zuwa Duwala. Tikitin Camair-Co, kamfanin jirgin Kamaru, daban yake da babban tikitin, ba wanda zai ɗauki nauyi in ya makara. Fabrairu kuma lokacin hazo ne, jirage kan yi jinkiri ko a soke tashi a Garwa da Marwa saboda matuƙi ba ya ganin titin sauka. Ta sauka kudu kwana ɗaya kafin tafiya, biyu ma ya fi, ka sa kuɗin masauki a lissafi. Ka tambayi kilo nawa jirgin cikin gida ya yarda, don ba lalle ya kai 46 ba. In kuna son sauƙi, mota zuwa nan Ngaundere, jirgin ƙasa na dare ya kai ku Yawunde da safe, ku ɗauki ɗaki mai gado, sai ta tashi daga Nsimalen, kaya kuma ba matsala. In ta rasa jirgin farko na babban tikitin ba a sanar da kamfani ba, sauran zangunan har da na dawowa duk sokewa ake yi.

Ka karanta sharaɗin canjin rana kafin ka biya. Haihuwa ba ta bin kalanda, mai jego kuma takan roƙi a ƙara mata mako biyu, tikitin da ake iya ɗaga ranarsa da ɗan kuɗi ya fi wanda ba a taɓawa. Sai dai kada ƙarin ya wuce wa'adin zaman da jami'in shige da fice ya ba ta ranar da ta sauka. In akwati bai fito ba a Dulles, ƙanwarka ta sa a cika takardar ƙorafi kafin su bar filin, ta riƙe ƙaramar takardar lambar kaya da aka manna wa Hajiya a Duwala. Wanda ya iso a fashe, kwana 7 ne wa'adin kai ƙara a rubuce, wanda ya makara kuma kwana 21 daga ranar da aka miƙo shi.