Neman shawara kan zuwa Tafkin Moraine da mahaifiya mai ciwon gwiwa

Assalamu alaikum. Ina zaune a birnin Kalgari na ƙasar Kanada, kuma Hajiya, mahaifiyata, ta kawo mini ziyara. Babban burinta shi ne ta ga Tafkin Moraine da ke gandun dajin Banff a ƙarshen watan Satumba, lokacin da ganyen itatuwan tsaunin ke rikiɗewa zuwa ruwan ɗorawa.

Tun shekarar 2023 aka hana motocin gida bin hanyar tafkin, sai bas, kuma ragowar tikitin da ake saki a intanet kwana biyu kafin tafiya, da ƙarfe 8 na safe, yakan ƙare kafin in gama cike bayananmu. Abin da ya fi damuna shi ne gwiwarta, domin da sanda take tafiya, ba ta iya doguwar tsayuwa a layi, hawan matakalar bas ma sai an riƙe ta.

Shin akwai takardar masu lalura da ke ba mota izinin shiga, kuma wanda ya zo da bizar ziyara zai iya samun ta? Idan babu hali, wace bas ce daga garin Banff ta fi sauƙi ga dattijuwa? Don Allah a taimaka mini kafin a rufe hanyar a watan Oktoba.