Wata uku ina sassarfa, gwiwa ta fara ciwo: in sayi takalmi ko in haƙura?

Baban Sadiq: Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Shekarata 43, nauyina kilo 96. A watan Oktoba likita ya ce jinina ya fara hawa, in rage gishiri in riƙa motsa jiki. Muka haɗu mu biyar a unguwar Gesse, nan Birnin Kebbi, muna fita sassarfa bayan sallar asuba, mu bi titin Argungu, kilomita 5 zuwa da dawowa, kwana shida a mako. Yau saura ni kaɗai. Ɗaya hazo ya tayar masa da asma, ɗaya an mayar da shi aiki Yauri, sauran biyun ko waya ba sa ɗauka. Ni kuma mako biyu ke nan gwiwar dama na damuna, musamman wajen saukowa daga bene ko tashi daga zaman tahiya. Da kambas mai shafaffen ƙasa nake gudun. An yi mini kuɗin takalmin gudu 38,000. In saya in ci gaba, ko in cika kuɗi in sayi keke? Ku da kuka taɓa yi kuka bari, me ya hana ku?

Ɗan Gwandu: Wa alaikumus salam. Ka riƙa fita da asuba kafin rana ta buɗe, kuma ka nemi abokan tafiya.

Baban Sadiq: Malam, da asubar nake fita. Abokan ne suka gudu.

Mai Kabu-kabu: To ai sun cika alkawari. Gudu kunka ce za ku yi, sunka gudu 😂

Maman Hanan: 38,000 kuma? Gwanjo na saya a babbar kasuwa 12,000, yana nan ƙarƙashin gado kamar sabo. Kwana tara na yi. Ina tafe da hijabina yara na bina a baya, wata tsohuwa ta tare ni tana salati wai wa ya rasu. Da maganar ta kai kunnen uwar mijina, shi ke nan. Yanzu tsallen igiya nake yi a tsakar gida.

Abu Jega: Hajiya, wannan kuɗin bara ne. Mai kyau yanzu bai kasa 25,000. Na 12,000 ɗin nan sosonsa ya riga ya mutu tun a ƙafar Baturen da ya yar da shi.

Sani Badariya: Ku bar zancen takalmi. Ni nawa 60,000 na saye shi, bai hana komai ba. Shekara biyu ina gudu, har na kai ina yin kilomita 21 ba tsayawa. Burina tseren Legas da ake yi a watan Fabrairu, kilomita 42 da 'yan kai, kamar ka tashi nan ka doshi Jega a ƙafa. Mu goma sha huɗu ne, har riguna munka buga. Wata asuba cikin Janairu, hazo ya rufe gari, mai babur ba fitila ya kwashe ni ta baya, bai ko tsaya ba. Ƙashin idon sawu ya karye. Mai ɗori ya ɗaure ba daidai ba, sai da anka sake gyarawa a asibiti, wata huɗu ina jan sanda. A cikin goma sha ukun nan, mutum biyu sunka zo gaishe ni, sau ɗaya ɗaya. Kuɗin motar Legas da munka tara, nawa 40,000, har yau ban ga ko sisi ba, wai an kashe wurin shiri. Ranar tseren ina kwance ina kallon hotunansu, kuma ko rabin hanya ba wanda ya kai a cikinsu. Ciwon ƙafar ya warke. Takalmin na ba ƙanena yana zuwa gona da shi.

Maman Hanan: Innalillahi. Allah Ya saka maka, Malam Sani.

Abu Jega: Amin. Amma wa ya riƙe kuɗin? Ai sai a kai shi gaban mai unguwa.

Sani Badariya: Ɗan ƙanwar matata ne. Ka ga inda gizo ke saƙa.

Ummi (mai gashin ƙashi): Allah Ya ƙara sauƙi Baba Sani. Baban Sadiq, a asibiti nake aiki, irin wannan ƙorafin kullum sai mun ji shi. Mutum bai taɓa gudu ba, ya tashi da kwana shida a kan kwalta. Numfashi kan saba da wuri, amma gwiwa da jijiyoyi sun fi shi jinkiri, shi ya sa a wata na biyu ko na uku ciwo ke fitowa, mutum ya ce gudu bai karɓe shi ba. Ka huta har ciwon ya lafa, ka koma kwana uku a mako, minti ɗaya sassarfa minti biyu tafiya, a kan ƙasa in da hali. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce minti 150 ne a mako, kuma tafiya da sauri ma tana ciki. In gwiwar ta kumbura ko tana maƙalewa, ka je a duba.

Saje Mai Ritaya: 'Yata, shekara 27 na yi ina gudu da but a ƙafa, ban taɓa jin minti ɗaya minti biyu ba. Ciwon nan ragwanci ne ke fita. Ya shafa man zafi ya ci gaba.

Ummi (mai gashin ƙashi): Baba, da girmanka, kana ɗan shekara 20 ka fara, kuma ba da kilo 96 ba.

Saje Mai Ritaya: Karatun takarda daban, abin da jiki ya sani daban.

Mai Kabu-kabu: Saje, ba kai na kai masallacin Juma'a ba kana cewa in bi a hankali saboda gwiwa? 😂

Ɗan Gwandu: Duk wannan gardama ta banza ce. Azumi na tafe, bayansa zafin Afrilu, awo ya wuce 40. Mu ga mai gudu lokacin.

Baban Sadiq: Na gode Ummi. To batun keken fa?

Abu Jega: Ni abin da ya kore ni duhu ne. Fitilun layinmu na sola an kwance baturansu tun damina. Ran nan 'yan sintiri suka haske ni da tocila, wai me na ɗauko nake gudu. Sai da limaminmu ya fito ya shaide ni.

Maman Hanan: Mu kuma karnuka. Wani maƙwabcinmu ya tara guda huɗu, da daddare ya sake su, ko masu zuwa asuba ba su tsira ba.

Sani Badariya: Kuma duk wata ana karɓar kuɗin sintiri 1,000 kowane gida.

Abu Jega: 1,000? Mu 2,500 muke biya, kuma baturan a gabansu aka kwance.

Saje Mai Ritaya: Wace unguwa ce wannan? Turo mini sunan shugabansu ta akwatin saƙona.