Wane suna za mu ba daemon da Hausa, da abin da ke kashe shi?

1/ 'Yan'uwa masu rubuta manhaja, ku matso kusa. Duk wanda ya taɓa koya wa ɗalibi yadda ake kula da sabar Linux da Hausa ya san inda harshe ke sarƙewa: daemon, fatal error da log. Ukun nan a wuri guda suke haɗuwa, wato lokacin da daemon, shirin da ke aiki a bayan fage, ya faɗi matacce, ana neman sanin dalili.

2/ Na ga masu fassara daemon da aljani, wasu har da shaiɗan. Gaskiya ban goyi bayan haka ba. Masu aikin Project MAC a jami'ar MIT ta Amurka ne suka fara kiran irin wannan shiri da sunan a 1963, a kan kwamfutar IBM 7094. Sun aro shi daga misalin da masanin kimiyya James Clerk Maxwell ya kawo a 1867, na wata 'yar halitta ta tunani da ke tsaye bakin ƙofa ba gajiya, tana ware ƙwayoyin iska masu sauri daga masu nawa. Aiki ba ƙaƙƙautawa suke nufi. Bahaushe kuwa da ya ji aljani, tsoro da shafar jinnu ne za su zo masa, sunan bai koya masa komai game da aikin shirin ba.

3/ Shawarata ita ce hadimi, in ana son cikakken suna a ce hadimin bayan fage. Ku duba aikinsu. sshd yana zaune a ƙofa ta 22 yana jiran mai son shiga daga nesa. crond yana farkawa kowane minti ya duba ko akwai aikin da lokacinsa ya yi. httpd yana miƙa shafuka ga duk wanda ya nema. Harafin d da ke ƙarshen sunayensu shi ne tambarin daemon. Babu wanda ke ganinsu, hidima kawai suke yi. A Windows ma service ake ce musu, wato hidima, kun ga tushen ya zo ɗaya.

Na auna mai gadi, amma crond ba ya gadin komai. Ɗan aike kuma yana zuwa ya dawo aikinsa ya ƙare, alhali daemon ba ya gamawa sai an tsayar da shi. Wani zai ce ai hadimi ya fi dacewa da server. To ita tana da sabar da uwar garke, sun riga sun kama baki.

4/ Ga abin da ya sa maganar ta dame ni. Kowane shiri a tsarin Unix yana tashi da hanyoyi uku: ta 0 ta karɓar saƙo, ta 1 ta fitar da sakamako, ta 2 ta kai ƙorafi. A tsohuwar al'ada, hadimi yana haifar kwafin kansa, uwar ta fita, ɗan ya kira setsid ya yanke alaƙa da allon da aka tashe shi, sannan ya karkatar da hanyoyin nan uku zuwa /dev/null, ramin da duk abin da ya faɗa ciki ya tafi ke nan. Daga nan ya zama bebe. Sai faifai ya cika da tsakar dare, hadimi ya yi kukan cewa ya kasa rubuta fayil, kukan ya bi hanya ta 2 ya zurma rami, shi kuma ya mutu. Da safe mai kula da sabar ya tarar da aiki a tsaye, ba ko layi ɗaya da zai kama.

Don haka a karanta fayil ɗin saiti a tabbatar da lafiyarsa tun kafin a yanke alaƙa da allo, a kuma buɗe wurin rubutu kafin a rufe hanya ta 2. Tsakanin rufe wannan da buɗe wancan ne hadimai da yawa ke mutuwa ba a ji ba.

5/ Log bai da wuya: kundi, inda shiri ke rubuta abin da ya faru. A rubuta a kundi, a duba kundi. Rajista ta yi kusa, sai dai ta riga ta tafi ga buɗe asusu da kuma Registry ɗin Windows.

6/ Fatal error ne ke son natsuwa. Kuskure abu ne da wani ya tafka, amma cikar faifai ko yankewar layi ba laifin shirin ba ne. Tangarɗa ta fi, don tana ɗaukar duk abin da ya hana na'ura tafiya daidai. Mummunar tangarɗa kuwa ba ta isa ba, domin akwai munana da shiri ke tsallakewa ya ci gaba. Abin da ya bambanta wannan shi ne babu ci gaba bayanta. Shi ya sa nake cewa tangarɗar ajali, kamar yadda muke cewa abu kaza ne ya yi ajalinsa.

Wani zai yi ƙorafi cewa ajali na mai rai ne, kuma ban raina ƙorafin ba. Amma mun daɗe muna cewa mota ta mutu, waya ta mutu, ba wanda ya ɗaga gira. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya ce tangarɗa mai kisa, ma'anar ba ta kauce ba.

7/ A lura, syslog, tsarin rubuta kundi na Unix, wanda Eric Allman ya ƙirƙira a shekarun 1980 don manhajar imel ta Sendmail, yana da matakan tsanani takwas daga 0, mafi tsanani, zuwa 7, kuma babu mai suna fatal a cikinsu. Log4j, wata manhajar rubuta kundi ta harshen Java, ce ke da shi. Ni a mataki na 2 nake ajiye tangarɗar ajali, in bar 0 ga ranar da dukan tsarin ya durƙushe.

8/ Akwai mutuwar da ba ta barin hadimi ya rubuta ko harafi. In ƙwaƙwalwar kwamfuta ta ƙare, kanel, wato zuciyar tsarin Linux, kan zaɓi shiri ya aika masa SIGKILL, sigina ta 9, wadda ba a iya tarewa. Shaidar tana kundin kanel, a duba da umarnin dmesg, ko a ga lambar da shiri ke bari in ya fita ta zama 137, wato 128 a tara da 9. Nan ne systemd, shirin da ke tashin hadimai a Linux, wanda ya fito a 2010, ya sauƙaƙa: hadimi ba sai ya ɓuya ba, ya yi ta magana ta hanya ta 1 da ta 2, journald, mai riƙe kundin systemd, ya kwashe, shi kuma systemd ya rubuta yadda ya mutu da lokacin. Umarnin journalctl -u da sunan hadimin zai baje maka komai.

Shi wannan mai tashin hadimai, mai tayar da wanda ya faɗi, yana bukatar nasa sunan. Ina tsakanin mai sa ido da shugaban hadimai, kuma na fi karkata ga na biyun, tunda ba kallo kaɗai yake yi ba. Me kuka gani?